'Yan Gajimare a Randar Inna Larai

Ranar da Naziru zai tafi Abuja aikin sa gilashin tagogi na wata uku, bai bar wa mahaifiyarsa akuya ba, bai bar mata ko kaza ba. Kifi ya bar mata, guda bakwai, kowanne bai kai tsawon ƙaramin yatsanta ba.

"Yanzu Auta," in ji Inna Larai, ta riƙe haɓa, "duk dabbobin da Allah ya halitta ka rasa abin kiwo sai waɗannan? Ko an soye su bakwai ɗin nan, wallahi miya ba za ta san an sa mata komai ba."

"Inna, ai ba na ci ba ne."

"To na mene ne?"

"Na kallo ne."

Malam Sha'aban, mijinta, yana zaune a kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin yaron da ke ciyar da abin da ba ya ba da nono, ba ya ba da taki ba, sai nasa.

Naziru ya saba da wannan tsiyar, ko a jikinsa. Shi ne autan gidan, mai yankan gilashi ne a Minjibir, kuma da ragowar gilashin shago ya haɗa akwatin da kifayen ke ciki, ya ɗora shi a kan tebur a ɗakinsa. Kifayen kuwa, a faɗi gaskiya, akwai kyau. Jikinsu kamar azurfa, ga wani layi mai sheƙi tun daga ido har wutsiya, wutsiyar kuma ja kamar an tsoma ta a lalle. Ya ce asalinsu daga wani rafi mai sanyi ne a duwatsun ƙasar Sin, kuma in aka fassara sunansu, kifin dutsen farin gajimare ke nan. Inna Larai ta ce wannan suna ya fi kifin tsawo, ita 'yan gajimare za ta riƙa ce musu. Shekara biyu Naziru yana fama su hayayyafa. Ya wanke akwati har yana ƙyalli, ya sayo abinci daga birni, ya sa kainuwa a saman ruwa don su zuba ƙwai a saiwoyinta, amma ko ɗa guda bai taɓa gani ba.

Ya miƙa mata takarda da ya rubuta da ajami, don shi take karantawa. Doka ta farko, kada a fitar da su daga akwati ko da mene ne. Abinci sau biyu, abin da yatsa biyu suka tsinto. Ranar Juma'a a rage ruwa a ƙara sabo. Sai ya nuna mata ma'aunin zafi da ke manne a jikin gilashi, inda ya ja layi da jan biro.

"In ya haura layin nan, Inna, sai a kunna musu fankar sola a kan ruwan. Zafi ne kawai abokin gabansu." Ya dube ta, ya ce, "Amana ce, Inna."

Nan fa ta sha mur. Ita da ta raini 'ya'ya shida, za a tsaya ana yi mata bitar kiwon kifi? Ta karɓi takardar ta soke a bakin zane.

"Tafi abinka. Bakwai ka bari, bakwai za ka tarar."

Wannan maganar ce ta zame mata ƙaya daga baya.

Da farko abin ya tafi daidai. Wadda ta ce ba ta ga amfaninsu ba, sai ga ta tana jan kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban akwati bayan ta gama abin karyawa, wai tana duba ma'auni. Malam ya taɓa leƙowa ya ji tana yi wa wani kifi faɗa a kan handama. Ya ce, "Larai, da wa kike magana?" Ta ce da kanta take, ina ruwansa.

Ranar Juma'a kuwa, in za ta ƙara musu ruwa, sai ta ɗauko farin ƙyallenta ta tace. Ita dai haka take. Tana budurwa kurkunu ya kwantar da ita damina guda cur, har yau tabon yana nan a idon sawunta na hagu. Tun lokacin da ma'aikatan lafiya suka zo suka koya musu tace ruwa, ba ta sake yarda ruwa ya tashi daga wani mazubi zuwa wani ba sai ta ƙyalle. An daɗe da daina jin labarin kurkunu, an kafa musu famfon tuƙa-tuƙa a bakin masallaci, ruwa garai-garai, duk da haka sai ta tace. In ta gama, ta kakkaɓe ƙyallen a tsakar gida, kaji su tsince abin da ya faɗo. Kajin har sun gane ƙyallen, da sun hango shi sai su sheƙo da gudu.

Sai bazara ta kama, irin wadda mutum zai taka ƙasa da azahar ya tuna da takalminsa. Rufin kwanon ɗakin Naziru ya riƙa huci. Ma'auni ya haura jan layi ya yi zamansa can sama. Ta kunna fanka dare da rana, har batirin solar ya kumbura, fanka ta yi shiru. Malam ya kai shi Minjibir, mai gyara ya ce wannan ya gama aiki.

Washegari ta tarar da kifi ɗaya yana yawo a saman ruwa, ciki a sama. Ta tsame shi. Kafin Juma'a, wasu biyu sun bi shi. Ta jiƙa buhu ta lulluɓe akwatin, ta zauna tana yi musu fifita da mafici har hannunta ya sage, kamar mai jinyar jariri. Duk da haka wata Asabar ta kwashe biyu a lokaci guda. Saura biyu tak: wani mai jan baki da ya fi kowa rawar kai, da wata mai kumburarren ciki.

"Wannan ma ta kumbura," in ji Malam, ya leƙa ta saman tabarau. "Gobe war haka sai dai wani zancen."

"Malam, don Allah ka yi mini shiru!"

Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma kunya ce ta fi damunta. Duk sanda Naziru ya kira a waya ya ce, "Inna, ya mutanena?" sai ta hau shi da tambayar ko yana cin abinci, ko yana salla a kan lokaci, har katinsa ya ƙare. Ba ta iya yi masa ƙarya, ba ta kuma iya faɗa masa. Yaron da bai taɓa roƙonta komai ba sai wannan abu guda, ga shi ta cika baki a gaban ubansa.

Ranar Lahadi da azahar ta fito daga ɗakin tana gumi sharkaf, ta nufi rumfa inda randunanta biyu suke zaune a cikin jiƙaƙƙen yashi. Ta ɗaga faifai, ta kamfato ruwa da moɗa, ta kai baki. Sanyin ya sokar mata haƙorin nan nata mai rami har ta runtse ido.

Ta buɗe ido. Ta dubi moɗa. Ta dubi randa, jikinta yana ta naso.

"Kai! Larai, amma ke shashasha ce!"

Da gudu ta koma ɗaki, zani yana harɗe ta, ta ɓamɓaro ma'aunin daga jikin gilashi ta zo ta tsoma a randa. Ta tsaya tana ƙirga numfashinta. Da ta ciro, ga shi ya sauko, ya sauko, har ya wuce ƙasan jan layi. Ta yi wata irin guɗa ita kaɗai a tsakar gida, awaki suka firgita.

Dokar farko ta faɗo mata a rai: kada a fitar da su ko da mene ne. Ta ciro takardar ta duba, ta mayar ta soke. Wanda ya rubuta doka yana Abuja, ita ce a nan da gawa biyar a wuyanta. Ba ta yi wata-wata ba, sai dai ba ta yi garaje ba. Ta san ko jariri ba a tsoma shi a ruwan sanyi kai tsaye. Ta kwaso kifayen a ƙwarya da ruwansu, ta ɗora ƙwaryar a kan ruwan babbar randa, tana ɗiga musu na randar kaɗan-kaɗan har la'asar, sannan ta karkata ƙwarya suka sulale ciki. Ta kwaso kainuwar duka ta zuba musu, ta rufe rabin bakin da faifai.

Ta manta ba ta gaya wa Malam ba. Ya dawo daga gona ya kamfaci ruwa, har ya kai moɗa baki sai ya ga jar wutsiya tana kewaya a ciki.

"La'ilaha illallahu! Larai! Kashe ni za ki yi?"

"Ajiye! Ajiye a hankali! Wallahi ka haɗiye shi sai ka amayo shi!"

Daga ranar aka raba: ƙaramar randa ta mutane, babba ta 'yan gajimare.

Abin mamaki, kwana uku ba a yi ba kifayen suka farfaɗo. In ta ɗaga faifai da safe, rana ta ɗan haska ciki, sai ta ga mai jan bakin nan ya baje fukafukansa yana kewaya ɗayar kamar zakara, su kutsa cikin saiwoyin kainuwa, su fito, su sake kutsawa. Ta ce oho dai, ku yi ta guje-gujenku, ba dai mutuwa ba. Bayan mako guda kumburin ɗayar ya sace. Inna Larai ta tare Malam da murna, ta ce randa har magani take yi. Ba ta wanke randar ba ko sau ɗaya, don tsoron kada ta taɓa su su mutu. Gansakuka ta yi kore shar a ciki, abin da a da ba za ta taɓa bari a randarta ba. Ƙara ruwa kawai take yi, tana jiƙa yashin gindinta safe da yamma.

Haka aka yi kusan mako huɗu, sai ruwan farko ya sauka ranar wata Litinin, mai yawa, gari ya yi sanyi. Ranar Talata Naziru ya kira, aiki ya ƙare da wuri, yana tafe ranar Juma'a.

Murna da fargaba suka haɗe mata. Mutuwar biyar dai ba ta ɓoyuwa, amma ba sai ta ƙara da karya doka ba. Ta wanke akwatin gilashi tas, ta mayar da kifayen biyu, tunda yanzu ɗakin ya huce. Randar kuwa ta ce sai ta samu sarari. Sararin bai samu ba, don duk gari an fita shuka, ita da Malam suna gona daga safe har yamma, shi yana sara, ita tana jefa gero tana takewa.

Sai ranar Juma'a da hantsi ta samu kanta. Ta ce bari ta kawar da shaida kafin ya iso. Ta kwashe kainuwar ta zuba a bokiti, ta leƙa cikin randa. Cikin duhun ruwan ta ga wasu 'yan abubuwa suna motsi, sirara kamar gashin ido. Tabon ƙafarta har ya yi mata ƙaiƙayi.

"Tir! Tsutsar sauro a randata. Abin da ƙazanta ke jawowa ke nan."

Wata ce da sai ta tuntsurar da randar a ƙasa a huta. Amma Inna Larai ba ta zubar da ruwa, ruwan da sai an bi layi a tuƙa-tuƙa. Awaki sa sha. Kuma ko na awaki ne, sai an tace. Ta shimfiɗa farin ƙyallenta a bakin baho, ta kamfata ta zuba, ta kamfata ta zuba. Kaji suka hango ƙyalle suka taru a ƙafarta. Ta ɗaga shi ta kakkaɓe, fat-fat, suka dira a kai suka tsince tas.

Ta sake shimfiɗawa, ta zuba moɗa uku. Ta ɗaga za ta kakkaɓe ke nan, rana ta faɗo a kan ƙyallen, wani abu ya yi walƙiya. Ta tsaya. Tsutsar sauro baƙa ce, lanƙwashewa take yi, ta san ta sarai. Wannan kuwa miƙe yake, ga layi mai sheƙi a jikinsa. Ta matso da shi dab da fuskarta. Ɗigo biyu baƙaƙe a gaba. Idanu.

"Wayyo Allah na! Wayyo! 'Ya'ya ne!"

Ta dulmiya ƙyallen cikin baho da hannu biyu. Abubuwan suka saki ƙyalle suka bazu, ɗaya, uku, bakwai, suna iyo tsaf irin na iyayensu. Wata kaza ta miƙo wuya bakin baho, Inna Larai ta kai mata mangari da moɗa.

"Kur! Kur, 'yan banza! Kun cinye mini, Allah ya isa! Malam! Malam, fito! Kawo tabaranka!"

Malam ya fito da carbi a hannu, hula a karkace, ya zaci gobara ce. Ta fizge tabaran daga fuskarsa ta ƙwama a tata, ta durƙusa a bakin randa, ta karkata ta wajen rana. Subhanallahi! Ruwan cike yake da su. Wasu ƙanana manne a jikin gansakuka suna tsattsaga, wasu da suka ɗan tasa suna yawo a sama, layinsu yana sheƙi shuɗi-shuɗi. Ta tuna da kainuwar da ta jefa a bokiti ba ruwa, ta zabura ta kwaso ta mayar, tana salati.

"Ashe ba ciwo ba ne," in ji ta. "Ƙwai ne a cikinta. Ni da na haifi shida, na kasa gane mai ciki!"

Malam ya karɓi tabaransa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Mutumin da ya ce ba su ba da taki, shi ne ya hau ƙirga da yatsa, ya kai talatin da wani abu ya rikice, ya sake daga farko. Sannan ya miƙe da kansa ya kora kaji cikin akurki ya toshe da dutse.

Ita kuwa tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. In ta tuna na ƙyallen farko sai ta dafe ƙirji ta ce, "Da hannuna na ba kaji. Da hannuna!" Malam ya ce ta yi haƙuri, ta dubi abin da ya rage.

Bayan an sauko daga masallaci Naziru ya yi sallama, jaka a kafaɗa, ya rame ya yi baƙi. Ya durƙusa ya gaishe su, ya sha ruwa, amma idonsa yana kan ƙofar ɗakinsa. Inna Larai ta ce, "Je ka gani." Ya shiga. Ta tsaya tana jiransa. Da ya fito, fuskarsa ta faɗi, yana ta ƙoƙarin murmushi don kada ta ji nauyi, wannan kuwa ya fi yi mata ciwo a kan da ya yi faɗa.

"Biyar sun mutu a hannuna, Auta," in ji ta. "Na ce maka bakwai za ka tarar, ban cika ba. Na kuma ɓoye maka a waya. Dokarka ta farko ma na karya ta. Ka yafe mini."

"Haba Inna, ba komai. Zafin bana ai..."

"Ban gama ba. Zo nan."

Ta kama hannunsa kamar yana yaro ta ja shi rumfa, ta ɗaga faifai. Ya leƙa, bai ga komai ba sai kore. Ta karkata randar wajen haske. Sai ta ji hannunsa ya ƙanƙame nata.

"Inna... Inna! Kai! Kai! Inna, mene ne wannan?" Ya zube a gwiwa cikin jiƙaƙƙen yashi da fararen kayansa na Juma'a. "Sun yi! Baba, ka gani? Sun yi! Shekara biyu! Inna, me kika ba su? Me kika sa a ruwan?"

"Me zan sa? Ƙazanta ce kawai. Wata guda ban wanke ba."

Ya dafe kai. Ya ce shi duk Juma'a sai ya zuƙe ƙasan akwati tas, ya ɗauraye saiwoyin kainuwa, ashe ƙwan yake zubarwa da hannunsa, ga zafi kuma. Gansakukar nan da yake kankarewa, a cikinta abincin jariran yake. Ya yi dariya har ya kwanta a jikin rumfa, sannan ya tashi ya ce bari ya ɗauko roba ya kwashe su zuwa akwati.

Inna Larai ta mayar da faifai ta rufe, ta dafa shi da tafin hannu.

"Ina za ka kai su?"

"Ɗaki, Inna."

"Naka biyu ne, suna can cikin gilashi, na mayar maka da amanarka abin da ya saura. Waɗannan a randata aka haife su."

Malam ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce shi shaida ne. Naziru ya dubi mahaifiyarsa, ya ga ba wasa a fuskarta, ga farin ƙyallen nan da ya sani tun yana rarrafe a shanye a kan igiya. Ya ce, "To ina takardar da na ba ki?" Ta zaro ta daga bakin zane, ta yi laushi da gumi. Ya juya bayanta inda ba rubutu, ya ciro biro daga aljihu, ya gyara zama a ƙasa a gabanta.

"Faɗa mini, Inna. Tun daga farko."

Ta jawo kujerarta ta zauna, ta gyara ɗaurin kallabi, ta yi gyaran murya.

"Rubuta. Doka ta farko, a kulle kaji."